Orville Phillips: Likitan haƙorin da ya zama sanatan har abada na ƙarshe a Kanada

An haifi Orville Howard Phillips ranar 5 ga Afrilun 1924 a garin O'Leary da ke tsibirin Prince Edward, lardi mafi ƙanƙanta a ƙasar Kanada. Yana matashi ya shiga rundunar sojin sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ƙura ta lafa sai ya koma karatu, ya kammala nazarin likitancin haƙori a Jami'ar Dalhousie a 1952, sannan ya dawo tsibirinsu ya kama aiki.

Bai daɗe yana duba marasa lafiya ba siyasa ta ja shi. A 1957 mutanen mazaɓar Prince suka tura shi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, suka kuma sake zaɓensa a 1958 da 1962.

A watan Fabrairun 1963, daidai lokacin da gwamnatin Firaminista John Diefenbaker ke faɗuwa, aka naɗa shi sanata yana da shekara 38. A Kanada ba a zaɓen sanatoci, naɗa su ake yi bisa shawarar firaminista, kuma a wancan zamani wanda ya hau kujerar sai mutuwa ce ke raba su. A 1965 gwamnatin Lester Pearson ta kawo dokar da ta wajabta wa sanata yin ritaya idan ya cika shekara 75, amma ba ta shafi waɗanda aka naɗa kafin ta ba.

Phillips ya shafe shekara 36 a zauren. A zamanin Brian Mulroney ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, wato wanda ke tabbatar da cewa sanatocin jam'iyya sun hallara ranar ƙuri'a.

Sannu a hankali abokan naɗinsa suka ƙare, wasu ta ritaya, wasu ta rasuwa, har ya rage shi kaɗai a cikin masu kujerar har abada. Doka ta ba shi damar zama iya rayuwarsa, amma a watan Maris na 1999, ana saura 'yan kwanaki ya cika shekara 75, ya ajiye kujerar don kansa, ya bi ƙa'idar da ba ta hau kansa ba. Da saukarsa aka rufe babin sanatocin har abada a Kanada.

Ya rasu ranar 24 ga Afrilun 2009, yana da shekara 85.