Tarihin Marigayi Ernest Rutherford, Ɗan Manomin Da Ya Juya Sinadari

An haifi Ernest Rutherford ran 30 ga watan Agusta, 1871, a wani ƙauye kusa da garin Nelson cikin ƙasar Niyu Zilan. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya goma sha biyu. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce, kuma ya tashi yana aikin gona kamar kowane yaro na Kafur ko Malumfashi.

Saboda hazaƙarsa, a 1895 ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. Daga can ya wuce Kanada a 1898, inda shi da Frederick Soddy suka gano cewa akwai sinadarai masu nauyi waɗanda ke rikiɗewa da kansu su zama wasu. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar girma ta Nobel a 1908.

Tun zamanin da, masana irin su Jabiru ɗan Hayyanu sun yi ta neman hanyar mai da dalma zinariya da wuta da magunguna, ba su dace ba. Rutherford ne ya bayyana dalili. A 1911, yana Jami'ar Mancesta, ya nuna cewa kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, kuma sinadari ba ya sakewa sai an taɓa cibiyar nan, wadda zafin maƙera ba ya kai gare ta.

A 1919 ya ba da sanarwar cewa ya harbi cibiyar naitirojin, watau sinadarin nan da ke cikin takin zamani, ya ɓantare wani yanki nata. A 1925 almajirinsa Patrick Blackett ya tabbatar cewa abin da ya samu shi ne iskar oksijin. Wannan ne karo na fari da ɗan Adam ya juya wani sinadari da gangan.

Amma fa ƙwayoyi ƙalilan ne suka juya. Haɗa sinadarai marasa nauyi su zama baƙin ƙarfe mai yawa sai a cikin taurari, inda zafi ke kai miliyoyin digiri. Ita kuwa tagulla gami ce kurum ta jan ƙarfe da kuza, babu wanda ya sake asalinsa. Ko a 1980 da masana a Amurka suka sami zinariya daga wani ƙarfe, abin bai kai a gani da ido ba, kuɗin aikin kuma ya ninka darajarta nesa ba kusa ba.

Rutherford ya rasu a Kambirij ran 19 ga Oktoba, 1937, aka binne shi a majami'ar Westminster ta Landan. Amfanin iliminsa ya iso har Zariya, inda a 2004 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki da injin nukiliya na bincike, wanda ake auna sinadaran ƙasar noma da ma'adinai da shi.

Saboda haka duk wanda ya tari manomi bayan kaka da alkawarin mai da masa dalma zinariya a tukunya, to kuɗin audugarsa da masararsa yake so.