Claude Shannon: Mutumin da Ya Sa Makunni Yin Lissafi

Mai karatu, a gidajen bene irin na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani abu mai kama da kacici-kacici: ƙwan lantarki ɗaya a matakala, makunnai biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma duk wanda ka taɓa, wutar ta kama ko ta mutu. Masu wayarin ɗinmu sun iya haɗa shi. Wanda ya shahara da fito da ƙa'idarsa a lissafe kuwa shi ne Claude Shannon.

An haife shi a 1916 a jihar Michigan ta Amurka. Tun yana yaro ya mai da wayar shinge hanyar aika saƙo zuwa gidan abokinsa. A 1936 ya kammala Jami'ar Michigan da digiri biyu, na injiniyan lantarki da na lissafi, sannan ya wuce cibiyar MIT, inda aka ɗora shi a kan wata na'urar lissafi mai tarin makunnai.

A nan ne ya lura cewa makunni hali biyu gare shi, kunne ko kashe, kamar yadda zance yake a manɗiƙin da George Boole ya wallafa a 1854, gaskiya ko ƙarya. A kundinsa na 1937, yana ɗan shekara 21, ya nuna cewa makunnai biyu a kan waya guda ba sa ba da wuta sai an kunna wannan da wancan. Idan kowanne da hanyarsa, wannan ko wancan ya wadatar. Fitilar matakala kuwa dacewar makunnan ko saɓawarsu take bi. A kan wannan tubali aka gina kwamfuta da wayar hannu.

A 1948, yana ɗakin binciken kamfanin Bell, ya nuna yadda za a auna kowane saƙo da sifiri da ɗaya. Ya rasu a 2001, bayan doguwar jinyar cutar mantuwa.

Abin lura a rayuwarsa shi ne hannu da alƙalami ba su rabu ba. Mu kuwa mun raba su: yaron mai wayarin ya iya haɗi bai san dalili ba, mai digiri ya san dalili yana ƙyamar riƙe filaya. Muddin makarantunmu ba su haɗa waɗannan biyun a aji ɗaya ba, za mu ci gaba da sayen abin da wasu suka ƙera.