Tarihin John Dalton, ɗan masaƙin da ya auna ƙwayar zarra

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin jarkar fetur a buɗe cikin rana, ya san yadda kaya ke raguwa ba tare da ɓarawo ya zo ba. Mai sayar da ƙanƙara ma ya san haka, domin kafin azahar jarinsa yana iya komawa ruwa. Daga cikin masanan da suka share fagen fahimtar wannan al'amari akwai wani Bature mai suna John Dalton, wanda tarihinsa muke kawo wa masu karatu a yau.

An haifi Dalton a shekarar 1766 a ƙauyen Eaglesfield da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa masaƙi ne, talaka. Gidansu mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, kuma a wancan zamani jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ba irinsu digiri. Wannan bai karya masa gwiwa ba. Tun yana da shekara 12 ya fara koyar da yara a ƙauyensu, sannan a 1793 ya koma birnin Manchesta yana koyar da lissafi.

Mutum ne mai naci wajen awo da ajiye lissafi. Daga 1787 har zuwa mutuwarsa, kullum sai ya rubuta yanayin zafi, iska da ruwan sama, har abin da ya tara ya haura awo 200,000. Nazarin iska da tururi ne ya kai shi ga ra'ayin cewa kowane abu tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, wato zarra. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin suna riƙe da juna, a cikin ruwa suna zamewa, a cikin tururi kuwa sun watse nesa da juna. Daga baya masana suka tabbatar cewa zafi motsin ƙwayoyin yake ƙarawa, shi ya sa fetur ke bin iska.

Babban aikinsa shi ne nuna cewa zarrar kowane sinadari tana da nata nauyi, kuma sinadarai suna haɗuwa ne bisa ƙayyadadden ma'auni, kamar ɗaya da ɗaya ko ɗaya da biyu. A 1803 ya tsara jadawalin farko na wannan nauyi, a 1808 kuma ya fitar da littafinsa a kan batun. Sai dai ya yi kuskure game da ruwa, inda ya ɗauka zarrar haidurojin ɗaya ce ke haɗuwa da ta oksijin, alhali biyu ne. Haka kuma ya ɗauka ba a iya raba zarra, abin da binciken J.J. Thomson ya rushe a 1897.

Dalton ba ya iya bambanta ja da kore sosai, kuma a 1794 ya gabatar da bincike kan wannan lalura. Dalili ke nan Faransawa ke kiranta daltonisme har yau.

Bai taɓa aure ba, ya yi zaman sauƙi yana cin abinci da koyarwa. Ya mutu ranar 27 ga Yuli, 1844, kuma mutane kusan 40,000 suka je ganin gawarsa a Manchesta. A yau masana na kiran ma'aunin nauyin zarra da sunansa, wato dalton.