Carl Foreman, marubucin da ya rasa wurin zama a Amurka saboda ya ƙi tona sunan abokansa

Masu kallon fina-finan kaboyi a Nijar sun san High Noon da sunansa na Faransanci, Le train sifflera trois fois, amma kaɗan ne suka san cewa wanda ya rubuta shi, Carl Foreman, ya ɗanɗana irin abin da jarumin fim ɗin ya ɗanɗana.

An haifi Foreman a Chicago ranar 23 ga Yuli 1914, a gidan Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi. Yana saurayi ya shiga jam'iyyar kwaminis, daga baya ya fita. Bayan aikin soja a yaƙin duniya na biyu, ya haɗa gwiwa da Stanley Kramer, ya rubuta Champion a 1949 da The Men a 1950, fim ɗin farko na Marlon Brando.

A 1951, ana tsakiyar aikin High Noon, kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar ƴan kwaminis ya kira shi. An nemi ya ambaci sunayen tsofaffin abokansa, ya ƙi. Nan take ƙofofin Hollywood suka rufe masa, Kramer ma ya raba gari da shi.

Wannan ɗaci ne ya fito a fim ɗin da Fred Zinnemann ya bada umarni a 1952. Will Kane, jami'in tsaron wani ƙaramin gari, wanda Gary Cooper ya fito a matsayinsa, ya samu labari ran aurensa cewa an yi wa Frank Miller afuwa, kuma zai iso a jirgin ƙasa da tsakar rana don ɗaukar fansa. Alƙalin da ya yanke wa Miller hukunci ya tattara kayansa ya gudu, mutanen coci da abokai kowa ya kawo uzurinsa. Amaryarsa kaɗai, wadda addininta ya hana zubar da jini, ta harbi mutum don ta cece shi. A ƙarshe Kane ya jefar da alamar aikinsa a ƙasa ya bar garin. John Wayne ya soki fim ɗin, yana ganin cin fuska ne ga Amurka, amma ya lashe Oscar 4.

Kafin fim ɗin ya fita, Foreman ya koma Ingila. Shi da Michael Wilson suka rubuta The Bridge on the River Kwai na 1957 a ɓoye, sai aka miƙa Oscar ga Pierre Boulle, Bafaranshen da ya wallafa littafin. A 1961 ya shirya The Guns of Navarone da sunansa na gaskiya.

Ya rasu a Beverly Hills ranar 26 ga Yuni 1984. Sai bayan rasuwarsa aka maido masa da kyautar Oscar ɗin da aka hana shi tun 1958.