Bernard Fagg: Jami'in da ya ceto tarihin Nok daga ramukan kuza

An haifi Bernard Fagg a birnin Landan a shekarar 1915, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sannan ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka turo shi Jos a 1939. A wancan zamani kuza ce arzikin garin, kamar yadda take a jihar Perak ta gaɓar tekun Malesiya, inda garin Taiping na masu haƙar kuza ya samu gidan tarihinsa tun 1883. Jos kuwa ba ta da irinsa.

Masu haƙa kan ci karo da gumakan gasasshen yumɓu a cikin laka. Tun a 1928 aka tsinci na farko a ƙauyen Nok, amma ba a san darajarsa ba. A farkon shekarun 1940 aka kawo wa Fagg wani kan mutum-mutumi daga Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Da ya kwatanta shi da na Nok, sai ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ce da ta shuɗe. Daga nan ya riƙa bin sansanonin haƙa yana roƙon leburori su daina fasa abin da suka tono. Shi ne ya raɗa wa wannan wayewa sunan Nok.

Ya koma sashen kayan tarihi a 1947, ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952, ya kuma gaji Kenneth Murray a shugabancin sashen a 1957. Tonon da ya yi a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ya fito da matoyar narka ƙarfe, shaidar cewa mutanen yankin sun iya ƙira ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A 1963 ya karɓi ragamar gidan tarihi na Pitt Rivers a Oksfod, ya wallafa littafinsa kan gumakan Nok a 1977, ya rasu a 1987.

Gidan da ya kafa na daga cikin wuraren da baƙi ke ziyarta a Jos, yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Sai dai bayan rasuwarsa, masu haƙar sata sun yi ta fitar da gumakan Nok zuwa kasuwannin Turai. Kare waɗanda suka rage nauyi ne da ke wuyan ma'aikatan tarayya.