Jackie Robinson: ya ceci Dodgers ranar Lahadi, aka ƙwace musu ranar Laraba

Duk wanda ya taɓa tuƙa tasi a New York cikin watan Satumba ya san abin da rediyo ke cika kunne da shi. Gardama biyu ce ke haɗuwa a lokaci guda: wace ƙungiyar besbol za ta kai ga wasannin ƙarshe, kuma wane kwatabak ne ke neman kunyata ƙungiyarsa a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Kwatabak shi ne mai tsara hari, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa, shi kuma ke shan zagi idan abu ya lalace. Akwai mutum ɗaya da ya tsaya a wuraren nan biyu tun kafin a haifi masu gardamar: ya yi kwatabak yana yaro, kuma yana tsakiyar tseren besbol da har gobe ba a daina musu a kansa ba, na shekarar 1951. Sunansa Jackie Robinson. Yawancin mutane sun san shi ne kawai a matsayin baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta zamani. Wannan gaskiya ne, sai dai ya rufe wani abu: mutumin ya iya wasa ƙwarai, kuma ba ya son faɗuwa ko kaɗan.

An haife shi ranar 31 ga Janairu 1919 a Cairo, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya, cikin gidan manoma masu noman raba daidai a gonar wani Bature. Shi ne auta cikin yara biyar. Uban ya bar gida Jackie yana jariri, sai uwar, Mallie, ta kwashi ƴaƴanta a 1920 zuwa Pasadena ta jihar Kalifoniya, inda ta riƙa aikatau a gidajen mutane. Wansa Mack ya zo na biyu a gudun mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, bayan Jesse Owens. Da ya dawo gida da lambarsa ta azurfa, aikin da ya samu shi ne sharar titi. Jackie ya ga wannan da idonsa.

A makarantar sakandare ta John Muir da kwalejin Pasadena ya buga kwatabak. Da ya shiga jami'ar UCLA a 1939 ya zama ɗalibi na farko da ya wakilce ta a wasanni huɗu: ƙwallon ƙafar Amurka, ƙwallon kwando, tsalle-tsalle da besbol. A 1940 ya ci gasar dogon tsalle ta jami'o'in ƙasar da mita 7.58. A filin ƙwallon ƙafa, inda suke tare da Kenny Washington da Woody Strode, duk ɗaukar ƙwallon da ya yi a kakar 1939 yana cin sama da yadi 12 a matsakaici, abin da ba a saba gani ba. Besbol ce ma ya fi rauni a cikinta: bai kai kashi 10 cikin 100 na bugunsa da ya yi nasara ba. Da cancanta ake bi, gasar NFL ce wurinsa. Amma daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. Kujerar kwatabak kuwa ta fi kowace daɗewa a rufe, don masu ƙungiyoyi sun ɗauka aikin ƙwaƙwalwa ne da baƙi ba za su iya ba. Sai a Janairu 1988 Doug Williams ya zama baƙin kwatabak na farko da ya ci kofin Super Bowl. Abin da Jackie ya samu shi ne wata ƙaramar ƙungiya a Honolulu a ƙarshen 1941, ya kuma baro tsibirin kwana biyu kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor.

An ɗauke shi soja a 1942, ya zama laftanar a Janairu 1943. Ranar 6 ga Yuli 1944, a sansanin Camp Hood na Texas, direban motar soja ya umarce shi ya koma kujerun baya. Ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kotu ta wanke shi a watan Agusta, aka sallame shi da mutunci a Nuwamba. Wannan shekara goma sha ɗaya ke nan kafin Rosa Parks ta yi irin haka a Montgomery. Labarin yana da muhimmanci saboda abin da zai biyo baya: mutumin da za a nemi ya yi shiru ba mai haƙuri ba ne a ɗabi'arsa.

A 1945 yana buga wa Kansas City Monarchs a gasar baƙaƙen fata, ana biyan sa dala 400 a wata, sai Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya aika a kira shi. Sun gana ranar 28 ga Agusta, kusan awa uku. Rickey ya riƙa kwaikwayon mai otal da zai hana shi ɗaki, da ɗan wasan da zai zage shi, don ya ga ko zai harzuƙa. Sharaɗin shi ne kada ya rama, komai aka yi masa, domin rama ɗaya za ta ba maƙiya hujjar rufe ƙofar. Rickey yana da imanin addini da ya sa shi wannan, yana kuma da lissafin kasuwa: ƙwararrun ƴan wasa da ba a taɓa ba, da ƴan kallo baƙaƙe masu kuɗin tikiti. Robinson ya yarda. Ya auri Rachel Isum a Fabrairu 1946, suka tafi Montreal ta Kanada, inda suka zauna a unguwar masu jin Faransanci da suka karɓe su hannu biyu. Ya fi kowa bugu a gasar, ƙungiyar ta ci kofi.

Ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito a filin Ebbets na Brooklyn da lamba 42, yana da shekara 28. Tun shekarun 1880 ba a ga baƙar fata a wannan mataki ba. Wasu abokan wasansa ƴan kudu sun fara tara sa hannu don kada a haɗa su da shi, kocin ƙungiyar Leo Durocher ya murƙushe yunƙurin. Kocin Phillies, Ben Chapman, ya sa ƴan wasansa suka yi ta yi masa zagin launin fata daga benci. Masu jifa suna auna jikinsa da ƙwallo, a watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi, ga wasiƙun barazanar kisa. Bai rama ba. Ya gama kakar da kyautar sabon ɗan wasan da ya fi kowa, Dodgers suka kai wasan ƙarshe. Daga 1949 ya daina haɗiye magana, ya fara musu da alƙalan wasa kamar kowa, a shekarar kuma ya yi nasara a kashi 34.2 na bugunsa, aka zaɓe shi gwarzon gasar. ƴan jaridar da suka yabe shi yana shiru, da yawansu sai suka koma kiran sa mai girman kai.

Ga wanda bai san wasan ba: ƙungiya biyu ce, mutum tara-tara, zagaye tara. A kowane zagaye ƙungiya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku. Maki yana samuwa idan mai bugu ya zagaya tashoshi huɗu ya dawo gida, idan kuma ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, shi da duk wanda ke kan tasha sun ci. Babu agogo, ba a tashi kunnen doki. Ana ƙara zagaye har wani ya ci. A wancan zamani wasa 154 ake yi a kaka, kuma ƙungiya ɗaya tak daga cikin takwas ke wucewa. Na biyu da na ƙarshe duk gida suke tafiya.

A 11 ga Agusta 1951 Dodgers sun ba maƙwabtansu New York Giants tazarar wasa 13. Kowa ya ɗauka an gama. Kocin Giants kuwa Durocher ne, wanda ya tsaya wa Robinson a 1947, yanzu sun zama ba sa ga maciji. Giants suka ci wasa 16 a jere, suka ci 37 cikin 44 na ƙarshe. Ranar Lahadi 30 ga Satumba, ranar rufe kaka, ƙungiyoyin biyu suna daidai. Giants suka ci nasu a Boston tun da wuri. Dodgers suna Filadelfiya, an ba su 6 da 1, sannan 8 da 5, allon filin kuma yana nuna musu sakamakon Boston. Suka rama a zagaye na takwas, 8 da 8.

A zagaye na 12 Phillies suka cika tashoshi uku da mutane, saura mutum ɗaya a fitar. Eddie Waitkus ya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa da ƙarfi ta tsakiyar fili. Da ta wuce, kakar Dodgers ta ƙare nan take. Robinson ya yi tsalle iya tsawonsa ya cafe ta dab da ƙasa, ya faɗi a kan gwiwar hannunsa, ta soke shi a ciki. Ya daɗe kwance yana neman numfashi. Wasu ƴan Phillies sun tsufa suna cewa ƙwallon ta taɓa ƙasa. Alƙali dai ya ce ya cafe. A zagaye na 14, yamma ta yi, ya tsaya gaban Robin Roberts, babban mai jifan Phillies, ya buga ƙwallo ta faɗa cikin ƴan kallo. 9 da 8. Da nan labarin ya tsaya, da wannan wasan yara za su riƙa haddacewa.

Sai dai ƙungiyoyin biyu sun gama da nasara 96, faɗuwa 58, aka ce su yi wasa uku na raba gardama. Giants suka ci na farko. Dodgers suka ci na biyu 10 da 0, Robinson ya sake tsallake katanga. Ranar Laraba 3 ga Oktoba a filin Polo Grounds, Dodgers suka shiga rabin zagayen ƙarshe suna gaba 4 da 1. Mai jifansu Don Newcombe, wanda aka yi ta ɗora wa aiki a makon, ya gaji, aka rage zuwa 4 da 2, aka sako Ralph Branca. A jifa ta biyu Bobby Thomson ya buga ta bayan katanga da mutum biyu a kan tasha: 5 da 4. Filin ya ruɗe. ƴan Dodgers suka nufi ɗakin canza kaya kansu a ƙasa. Robinson shi kaɗai ya tsaya a wurinsa, hannu a ƙugu, yana bin Thomson da ido ko zai tsallake wata tasha cikin murna, don in ya tsallake ana iya soke makin. Thomson ya taka dukansu.

Shekara 50 bayan haka, a 2001, ɗan jarida Joshua Prager ya wallafa a Wall Street Journal cewa tun daga watan Yulin 1951 Giants suna da mutum a can ƙarshen filinsu da madubin hangen nesa, yana karanta alamun da mai cafewa ke yi wa mai jifa da yatsu, yana isar da saƙo ta ƙararrawar lantarki. Wasu tsoffin ƴan Giants sun amsa. Thomson ya amsa tsarin, amma ya musanta cewa ya san jifar da ke zuwa a wancan bugun. Magoya bayan Giants suna nuna cewa ƙungiyar ta yi ta cin wasa a waje ma, inda babu madubi. Na Dodgers suna cewa a tseren da ya ƙare kunnen doki, wasa ɗaya da aka sata ya isa. Hujjar ta biyu ta fi nauyi. Robinson bai rayu ya karanta ba.

A shekara goma da Dodgers ya kai wasan ƙarshe sau shida, duk da New York Yankees, ya ci sau ɗaya, a 1955. A wasan farko na wannan shekara, yana da shekara 36, ya sheƙa daga tasha ta uku zuwa gida alhali ƙwallo tana hannun mai jifa. Alƙali ya ba shi maki. Mai cafewar Yankees, Yogi Berra, ya rasu a 2015 yana rantsuwa cewa ya taɓa shi kafin ya isa. A Disamba 1956 Dodgers suka sayar da shi, ga Giants ma kuwa. Bai je ba. Ya ajiye wasa a Janairu 1957, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts.

Siyasarsa ba ta yi wa kowa daɗi duka ba. A 1949 ya ba da shaida a majalisa yana nesanta kansa da kalaman mawaƙi Paul Robeson, abin da ya yi nadama daga baya. Ya goyi bayan Richard Nixon a 1960, ya kuma ga bai samu abin da ya zata ba. Ya tara wa ƙungiyar NAACP kuɗi, ya halarci gangamin Washington na 1963, ya yi sa-in-sa da Malcolm X a jarida, a 1964 kuma ya taimaka aka kafa bankin Freedom National a Harlem don baƙaƙe su samu rance. Ciwon suga ya ci idonsa da ƙafafunsa. Babban ɗansa, Jackie ƙarami, ya dawo daga yaƙin Vietnam da rauni da jarabar ƙwaya, ya yi fama ya rabu da ita har yana taimaka wa wasu, sai ya mutu a haɗarin mota a Yuni 1971 yana da shekara 24.

Ranar 15 ga Oktoba 1972 aka gayyace shi wasan ƙarshe a Cincinnati don a karrama shi. Kansa ya yi fari fat, da ƙyar yake gani. Ya yi godiya a taƙaice, sannan ya gaya wa shugabannin wasan a gaban kyamara cewa farin cikinsa ba zai cika ba sai ya ga baƙar fata yana koci. Kwana tara bayan haka, ranar 24 ga Oktoba, zuciyarsa ta tsaya a gidansa na Stamford, yana da shekara 53. An binne shi a maƙabartar Cypress Hills ta Brooklyn, unguwar da Dodgers suka bari tun 1958 suka koma Los Angeles. Frank Robinson, wanda suna kawai ya haɗa su, ya zama koci baƙar fata na farko a 1975 a Cleveland. A 1997 aka janye lamba 42 daga dukkan ƙungiyoyi, kuma tun 2009, duk ranar 15 ga Afrilu, kowane ɗan wasa da koci da alƙali ita yake sawa, har da ƴan Giants.