Ƙuruciyar Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan

Masu karatu, yau za mu ba da labarin ƙuruciyar Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, don mu ga yadda a ke horon 'ya'yan sarakuna a zamanin da.

An haife shi wajen shekarar 1806, jihadi na kan ganiyarsa. Ubansa shi ne Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842. A wancan zamani yaron irin wannan gida da allo ya ke farawa. In ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafan fiƙihu, kamar su Risala. Sa'an nan a koya masa hawa, da sukuwa, da jifa da mashi, da riƙon garkuwa, har jikinsa ya saba da nauyin sulke.

Amma babbar makarantar ita ce ribaɗi, watau garin tsaro a bakin iyaka, irin waɗanda Sarkin Musulmi Bello ya yawaita ginawa. Umaru ya riƙe ribaɗin Gwamatse, inda ya samo laƙabinsa, daga baya kuma Katuru. Can ya koyi kwana cikin shiri da sarrafa mayaƙa. Da ba su jitu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ba, sai ya yi kudu. A 1859 ɗan'uwansa Ahmadu Atiku ya hau gado, ya naɗa shi Sarkin Sudan. Ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876.

A shekarar nan ta 1876 ce hukumar Japan ta hana samurai, watau jarumawansu na gado, rataya takobi. Su ma da karatu da makami a ke renonsu tun suna yara.

To, jaruntakar Umaru ba ta da musu. Amma ba za mu ɓoye ba, hare-harensa na kamun bayi sun watsa garuruwan Kambari da na Gwari, dangin mutanen da ke zaune a Gonin Gora, kudu da kogin Kaduna. Horo ya ba shi ƙarfi, bai hana shi cutar da marasa ƙarfi ba. Malamai da ma'aikata, sai mu lura da abin da mu ke cusa wa yaran da za su riƙe jama'a gobe, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.